KUKAN DA BABU MAI AMSAWA: Lacca a kan Kakapo, Akun Dare na Niyu Zilan



Sa'ad da aka manna sanarwar wannan lacca a ƙofar ɗakin cin abinci, mun ji wasu suna tambaya, wai duk matsalolin da suka dame mu, na ruwa da wuta da kuɗin makaranta, me ya kai mu ga tsuntsun da ke can wata uwa duniya, wanda ko kakanninmu ba su taɓa jin sunansa ba? Tambayar tana kan hanya, ba kuwa za mu yi gardama da masu ita ba. Abin da mu ke roƙo kawai a ba mu aron kunne na rabin sa'a. Muna zaton labarin wannan tsuntsu zai fayyace mana wani abu da littattafan aji su kan taɓa a gurguje, watau yadda dabarar da ta raya wata halitta shekaru aru-aru ta kan juye ta zama ajalinta, idan duniyar da ke kewaye da ita ta sauya alhali ita ba ta da labari.

Sunan tsuntsun kakapo. Kalmar daga harshen Maori ta ke, mutanen da suka fara zama a tsibiran Niyu Zilan, ma'anarta kuwa "akun dare". Aku ne na ainihi, dangin wannan mai ruwan toka da jar wutsiya da a kan kawo mana daga kurmi a cikin keji. Amma wanda ya san namu zai sha mamaki in ya ga nasu. Launinsa kore ne irin na gansakuka, da ɗigon baƙi da rawaya. Fuskarsa kamar ta mujiya, ga wani gashi a gefen baki kamar na kyanwa, wanda ya ke laluben hanya da shi cikin duhu. Ƙaton namiji ya kan kai kilo 4, don haka babu akun da ya kai shi nauyi a duniya. Ba ya tashi sama ko kaɗan. Fukafukai dai yana da su, amma aikinsu bai wuce daidaita jiki ba in yana gudu ko yana sauka daga bishiya, domin gwanin hawa ne da ƙafa da baki. Da rana ya kwanta, da dare ya fita kiwon ganye da saiwa da 'ya'yan itace. Ya kan kuma haura shekara 60 a duniya.

Kafin mu ce wannan halitta ta cika wauta, ya kamata mu dubi ƙasar da ta tashi a ciki. Niyu Zilan tana tsakiyar teku, kimanin kilomita 2,000 kudu maso gabas da Ostareliya, masana ilmin ƙasa kuma sun ce ta rabu da sauran ƙasashe tun wajen shekara miliyan 80 da suka wuce. Kafin mutum ya sa ƙafa a can, babu wata dabba mai shayarwa da ke zaune a kan tudu in ban da jemage. Babu kura, babu dila, babu muzuru, babu ɓera. Abokan gaban kakapo daga sama su ke zuwa, watau wata irin ƙatuwar gaggafa da wani babban shaho, waɗanda su ma sun daɗe da ƙarewa. Su kuwa da ido su ke farauta, da rana. To, wanda ya ke gudun ido me ya fi masa? Ya sa rigar da ta saje da daji, ya fita da dare, in ya ji motsi ya tsaya cik kamar kututture. Haka kakapo ya ke yi har yau. Yana da wani ƙamshi mai ƙarfi a jikinsa, wanda a ke ji daga nesa, amma wannan bai dame shi ba, tun da ya ke babu mai bin sa da hanci.

Yanzu mu shiga ainihin maganarmu, watau aurensa da muryarsa, domin su biyun ba sa rabuwa.

Yawancin aku miji ɗaya ne da mata ɗaya, su gina sheƙa tare, su yi reno tare. Kakapo shi kaɗai ne a cikin danginsa ya ke yin abin da, saboda rashin kalmar da ta fi dacewa, za mu kira auren dandali. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san dandali a daren farin wata: samari su hallara kowa da kwalliyarsa, 'yammata su zo su duba. To, haka mazan kakapo su ke taruwa a kan tsaunuka da tuddai, kowa ya kama wurinsa, mata su zo su zaɓa. Bambancin shi ne a nan babu sadaki, babu ciyarwa, babu zaman aure. Da zarar an yi barbara, macen ta kama hanyarta, namijin ya koma ga kukansa yana jiran wata. Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce ga tsuntsaye. Akwai ma wani tsuntsun bakin ruwa, wanda Turawa ke kira raf, da ya kan cika fadamun Haɗeja da Nguru da bakin tafkin Chadi da rani, wanda in ya koma arewacin Turai da Rasha irin wannan aure ya ke yi. Amma a cikin tsuntsayen da ba sa tashi, kakapo kaɗai aka sani da ita.

Wajen watan Disamba, lokacin da zafi ke shigowa a can, namiji ya kan bar wurin kiwonsa ya yi tafiyar da ta kan kai kilomita 5 a ƙafa zuwa dandali. Da farko a kan yi faɗa a kan wuri, da farce da baki, har a ji wa juna rauni. In ƙura ta lafa, kowa ya haƙa gurbi, kamar wanda kaza ke yi in za ta yi wankan ƙasa, sau da yawa a gindin dutse ko kututture don muryarsa ta bugi abin ta dawo da ƙarfi. Namiji ɗaya ya kan mallaki gurabu da dama, da 'yan hanyoyi da suka haɗa su, yana kuma share su fes. Masu bincike sun mai da wannan tsabta tasa abin aiki: in suna son su san ko gurbi yana da mai shi, sai su jefa 'yan tsinkaye a ciki, in gari ya waye suka tarar an kwashe an zubar, to, sun san maigidan ya kwana a nan.

In dare ya yi sai ya zauna a gurbi ya yi ta haɗiyar iska cikin wata jaka da ke ƙirjinsa, har ya kumbura ya zama kamar ƙwallo, kansa ya kusa nutsewa cikin gashi. Sa'an nan ya saki wani irin gunji mai kauri, ƙasa-ƙasa, wanda ya fi kama da amon tambari daga nesa, ko kuwa ƙarar da yara ke yi in sun hura bakin kwalba. Wanda ya taɓa jin kukan burtu da asuba a daji, ko na namijin jimina, ya sami abin kwatance. Ya kan jera gunji 20 zuwa 30, ya ɗan huta, ya sake. A dare mai tsit a kan ji shi daga nisan kilomita guda, in iska ta taimaka har kilomita 5. Haka zai yi ta yi wajen sa'a 8 kowane dare, har wata uku ko huɗu, ba ya cin abincin kirki, har wani ya kan zubar da kusan rabin nauyinsa kafin lokacin ya wuce.

'Yan'uwanmu na sashen kimiyya za su gaya mana cewa amo mai kauri yana da fa'ida ɗaya da aibi ɗaya. Fa'idarsa ita ce yana ratsa kurmi ya kewaye duwatsu ba tare da ya mutu a hanya ba. Aibinsa shi ne kunne ba ya iya gane daga ina ya fito. Kowa ya san yadda a kan ji ganga da dare a rasa unguwar da a ke bikin. Saboda haka kakapo ya ke da murya ta biyu. Tsakanin jerin gunji ya kan saki wata ƙara mai kaifi, kamar an buga kuge, wadda ba ta zuwa nesa amma tana nuna wuri daidai. Ta farko ta taso mace daga kwarin da ta ke, ta biyu ta kai ta bakin gurbi. In ta iso, namijin ya yi ta rangaji yana kaɗa baki, ya juya mata baya ya buɗe fukafukai yana takowa da baya da baya. Macen ta kan wuce maza da dama kafin ta tsaya, shi ya sa 'yan ƙalilan ne ke samun yawancin matan, wasu kuwa su yi shekara da shekaru suna gunji ba wadda ta ko leƙo su.

Daga nan duk wahala ta mace ce. Ta kan saka ƙwai ɗaya zuwa huɗu a ƙasa, cikin kogon itace ko ƙarƙashin saiwa, ta yi kwanci na kimanin kwana 30. Tun da ya ke babu mai kawo mata abinci, tilas kowane dare ta bar sheƙa sa'o'i ta tafi kiwo, ƙwai ko 'ya'ya suna nan a buɗe. 'Ya'yan ba sa barin sheƙa sai sun yi wajen mako 10. Daɗin daɗawa, ba kowace shekara a ke yin wannan hidima ba. A kudancin ƙasar haihuwar kakapo ta rataya ne a kan wata bishiya mai suna rimu. Kada a ruɗe, ba ta da dangantaka da riminmu, sunan ne kawai ya yi kama. Rimu ba ta yin 'ya'ya da yawa sai bayan shekara biyu zuwa huɗu, da waɗannan 'ya'ya ne kuma uwa ke ciyar da nata. In bishiya ba ta ɗauka ba, mata ba sa zuwa dandali. Wani lokaci ma bishiyar ta ɗauka, a yi ƙwai, sanyi ya hana 'ya'yan itacen nuna, 'ya'yan tsuntsu su mutu da yunwa.

A ganinmu babu wauta a cikin wannan tsari. Tsuntsun da zai yi shekara 60 a tsibirin da abincinsa ƙididdigagge ne, babu kuma mai cin ƙwansa, in ya yi ta haihuwa kamar zabo da kansa zai cinye gidansa. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin zuwan mutum kakapo ya cika manyan tsibiran ƙasar daga arewa har kudu.

Maori sun iso wajen ƙarshen ƙarni na 13, da karnuka da wani ƙaramin ɓera. Sun ci naman kakapo, sun yi mayafai masu daraja da gashinsa. Turawa suka biyo baya da gatari da kyanwa da manyan ɓeraye da zomaye. Da zomaye suka addabi makiyayan tumaki, sai a shekarun 1880 aka shigo da wasu 'yan dabbobi masu kama da tunku, mafi ɓarna a cikinsu ita ce wadda a ke kira sitot, wai don su cinye zomayen. Su kuwa da suka shiga daji sai suka tarar da nama mai sauƙi. Ku duba yadda kowace dabara ta juye. Tsayawa cik ta zama miƙa wuya. Ƙamshin jiki ya zama jagora ga mai farauta da hanci. Namiji yana zaune wuri ɗaya wata uku yana shelar inda ya ke. Uwa tana barin sheƙa a ƙasa daidai lokacin da ɓera da kyanwa ke yawo. Jinkirin haihuwa kuma ya sa ba a iya mayar da abin da aka rasa. Irin wannan ta faru ga tsuntsayen tsibirai da yawa. Mafi shahara shi ne na tsibirin Morishas wanda ya ƙare a ƙarni na 17, mai suna dodo, ko da ya ke a wannan labari shi ne aka cinye.

Mutumin farko da ya yi yunƙurin ceto shi ne Richard Henry, wanda gwamnati ta naɗa mai kula da tsibirin Resolution a 1894. Cikin shekara shida ya kwashe kakapo sama da 200 a ƙaramin jirgin ruwa ya kai su can. A 1900 aka ga sitot a tsibirin, ashe ta iya iyo. Cikin 'yan shekaru duk aikinsa ya tafi a banza.

Tsakanin 1949 da 1973 ma'aikatan kula da namun daji sun fita nema fiye da sau 60, ba su kama ba sai guda 6, duk maza. Daga 1974, da taimakon jirgi mai saukar ungulu, aka shiga tsaunukan Fiyodlan da ke kudu maso yamma, inda ƙafa ba ta kai wa da sauƙi, a cikin 'yan shekarun da suka biyo baya kuma aka gano guda 18. Su ma duk maza. A nan ne Don Merton da abokan aikinsa suka kwana suna sauraro har suka fahimci cewa auren dandali tsuntsun ke yi. Muna roƙon ku tsaya ku ɗan yi tunani a kan wannan wuri, domin shi ne ya sa muka zaɓi wannan batu. Tsofaffin maza ne a kan tsauni, suna share gurbi, suna kumbura ƙirji, suna gunji dare bayan dare, alhali matan da su ke kira an riga an cinye su a kan ƙwansu shekaru da suka wuce. Matafiyin da ya ji wannan amo daga kwari zai koma gida ya ce kakapo yana nan da ransa. A lissafin ilmin halittu kuwa zuriyar wannan yanki ta riga ta yanke, tsawon rai ne kawai ya ɓoye mutuwar.

Sauƙi ya zo a 1977, da aka gano wani garke na wajen 200 a tsibirin Stewart, wanda Maori ke kira Rakiura, inda sitot ba ta kai ba. A 1980 aka tabbatar akwai mata a cikinsu. Amma kyanwowin daji suna kashe fiye da rabin waɗanda a ke sa wa ido a kowace shekara, don haka daga 1982 zuwa 1997 aka kwashe duk wanda aka samu zuwa ƙananan tsibiran da babu kyanwa ko sitot, musamman Whenua Hou da Hauturu da Maud. Duk da haka a 1995 kakapo 51 ne kacal suka rage a duniya, mata ba su kai rabi ba.

Dukkan waɗannan 51 asalinsu na Stewart ne, in ban da guda ɗaya da aka kama a Fiyodlan a 1975, aka kuma raɗa masa sunan Richard Henry don tunawa da wancan bawan Allah. Masu kula da shi sun lura cewa gunjinsa ya sha bamban da na mazan Stewart. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, ga shi kuwa a zahiri. Ya yi sama da shekara 20 a tsakanin baƙi bai haihu ba, sai a 1998 a tsibirin Maud wata mai suna Flossie ta karɓe shi, aka sami 'ya'ya uku, Sinbad da Gulliver da Kuia. Ya mutu a watan Disamba na 2010. Duk abin da ya rage na jinin kakapon babban tsibiri ta hanyar waɗannan ukun ya ke gudana.

Masu ceton ma sun yi nasu kuskuren, kuma kuskure ne mai ilmantarwa. Daga 1989 aka fara ajiye wa tsuntsayen abinci, tuffa da dankali da ƙwayoyi masu mai, don mata su yi ƙarfi su riƙa haihuwa a kai a kai. Matan suka yi ƙiba, amma sai aka ga kimanin kashi biyu cikin uku na 'ya'yansu maza ne, alhali mata a ke nema ruwa a jallo. Garin neman ƙiba an samo rama. Bayanin yana cikin wani ra'ayi da Trivers da Willard suka kawo tun 1973. A inda a ke auren dandali, ƙaƙƙarfan namiji zai iya haifar 'ya'ya barkatai, raunanan kuwa ko ɗaya, amma mace ko yaya ta ke za ta sami miji. Saboda haka uwar da ta ƙoshi ribarta tana ga haihuwar ɗa, wadda ke cikin ƙunci kuwa tana ga haihuwar 'ya. Da aka gane haka sai aka riƙa auna matan, ana tauye abincin waɗanda suka yi nauyi kafin su saka ƙwai, lissafin kuma ya daidaita. Akwai kuma wani namiji, Sirocco, da aka rena da hannu a 1997 saboda ciwon numfashi, wanda ya tashi bai san shi tsuntsu ba ne, mutane ya ke yi wa gunji. A 2009 ya hau kan wani masani, Mark Carwardine, a gaban na'urar ɗaukar hoto ta BBC, duniya ta yi ta dariya, a 2010 kuma firayim ministan ƙasar ya naɗa shi kakakin kare halittu. Muƙami dai ya samu, amma ga dandali ya zama asara.

Aikin da hukumar kare halittu ta ƙasar ke yi tare da ƙabilar Ngai Tahu ya kai matsayin da kowane kakapo yana da suna, yana kuma goye da 'yar na'urar da ke nuna inda ya ke. Ana ƙidaya 'ya'yan rimu a kan reshe tun kafin lokaci don a san ko shekarar ta haihuwa ce. Saboda auren dangi fiye da rabin ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa, don haka a kan ɗebi maniyyin mazan da mata suka ƙi a sa wa matan da hannu, a 2019 har da ƙaramin jirgi marar matuƙi aka yi jigilarsa daga wannan gefen tsibiri zuwa wancan. A wannan shekara an sami ƙwai sama da 200, 'ya'ya sama da 70 suka rayu, ko da ya ke wata cutar huhu ta kashe tsuntsaye 9. A 2022 adadinsu ya kai 252.

Wani daga cikinmu ya yi tambaya sa'ad da mu ke shirya wannan lacca, wai tsuntsun da a ke auna masa abinci, a zaɓa masa miji, a yi gadin ƙwansa, shin an cece shi ne ko kuwa an mai da shi kajin gwamnati? Mun yi ta muhawara ba mu daidaita ba. Mu dai mun fi karkata ga cewa ba a gama ceton ba tukuna, an dai hana mutuwa, domin ranar da aka janye hannu, ko sitot guda ta yi iyo kamar yadda ta yi a 1900, za a koma gidan jiya. Tsibiran ma sun fara yi musu kaɗan. Shi ya sa a watan Yuli na 2023 aka mayar da wasu babban tsibirin arewa, cikin dajin Maungatautari wanda aka kewaye da shinge mai tsawon kilomita 47. Maza zalla aka kai, don ba a yarda a yi gwaji da mata ba. An gina shingen ne don hana ɓera da sitot shiga, kuma ko da ya ke an yi masa gyara saboda baƙin, wasu daga cikinsu sun haura sun fice, sai da aka bi sawunsu da na'ura aka komo da su.

Malam Shugaba, mun ga kana duban agogo. In akwai tambaya ko gyara muna saurare.